Kurakuran da aka fi yi wajen farautar rangwamen kayan manyan gidajen ɗinki a intanet

Akwai wata rigar sanyi da ke rataye a ɗakina, ban taɓa fita da ita ba. Ulu ce mai laushi, ruwan toka, maɓallanta na ƙaho. Na gan ta a wani shafi an zabge mata kashi 60 cikin 100, na ga lamba 42 da na saba sawa, na biya ba tare da wani tunani ba. Da ta iso, hannu ya shiga, kafaɗa ta ce atafau. Ashe 42 ɗin na Italiya ne, ni kuwa na Faransa na saba da shi.

A kayan mata, 42 na Italiya shi ne 38 na Faransa, 10 na Ingila, 6 na Amurka. A kwat ɗin maza, 50 na Turai daidai yake da 40 na Ingila da Amurka. Ko an haddace wannan ma bai wadatar ba, don kowane gida da irin yankansa. Ku ɗauko rigar da ta fi zama muku daidai, ku shimfiɗa ta, ku auna faɗin ƙirji da kafaɗa da tsawon hannu da tef, sannan ku gwada da awon da shafin ya bayar a santimita. In ba su bayar ba, ku tambaya kafin ku biya.

Sai tsohon farashin nan da ake ja wa layi. Shi ne ke sa zuciya ta yi tsalle, kuma sau da yawa babu wanda ya taɓa sayen kayan a haka. Abin ya kai Tarayyar Turai, tun 2022, ta tilasta wa mai sanar da ragi ya auna shi da farashi mafi ƙanƙanta da ya sa wa kayan cikin kwana 30 da suka wuce. Ku sa ido kan abin da kuke so na mako biyu ko uku, ku duba shi a shafuka dabam-dabam. Ragin gaske ya fi zuwa a ƙarshen kakar kaya, wato Janairu, da kuma ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Ku kuma karanta sunan da kyau: Giorgio Armani daban, Emporio Armani daban, Armani Exchange daban, duk da na gida ɗaya ne, ba ajinsu ɗaya ba a yadi ko a ɗinki. Kamfanoni da yawa ma suna ɗinka kaya na musamman domin shagunansu na rangwame, waɗanda ba su taɓa shiga babban shago ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne jabu, saboda mutanen kirki ne ke faɗawa, masu tara kuɗi wata da watanni don jaka ɗaya. Louis Vuitton ba ya yin rangwame, kuma sabon kayansa a shagunansa da shafinsa yake sayarwa. Chanel ba ya sayar da jakunkuna da tufafi ta intanet. Hermès ba ya sa jakarsa ta Birkin a shafinsa. Don haka duk wanda ya tallata muku sabbin irin waɗannan a rabin kuɗi, kallon kitse kuke yi wa rogo. Ɗan kwaɗon da ke gefen adireshin shafi ba shaidar gaskiya ba ne, 'yan damfara ma suna da shi. Adireshin za ku duba harafi bayan harafi.

In gwanjo kuke nema, kuma a nan ne arahar gaske take, ku nemi hoton takardar da ke cikin rigar, da bakin zif, da ɗinkin ciki, da hammata da wuya inda tsufa ke fara bayyana. Shafin gwanjo na The RealReal na duba kaya kafin ya sa a kasuwa. Vestiaire Collective ma yana dubawa, amma yana da zaɓin a aiko kai tsaye daga mai kaya, wanda ke tsallake binciken. A abu mai tsada kada ku zaɓi wannan don tsimin 'yan kuɗi. Kuma in mai kaya ya ce ku koma WhatsApp zai rage muku, ku ƙi. Da kun fita daga shafin, kariyarku ta tafi. PayPal na ba da kwana 180 a kai ƙorafin kayan da bai iso ba, amma ban da kuɗin da aka tura ta Friends and Family, wato zaɓin tura wa 'yan uwa da abokai kuɗi.

Kuɗin fito da na dako sukan cinye ragin tas. In kun ga DDP, an haɗa harajin kwastam cikin abin da kuka biya. In babu, ku za ku biya ranar da kaya ya iso, kuma ko kun mayar da shi, dawo da wannan harajin aiki ne.

Kuɗin da shago ya ajiye muku maimakon ya dawo da su, kada ku bari su daɗe. Matches, shagon intanet na kayan manyan gidajen ɗinki, da girmansa da sunansa, ya durƙushe a Maris 2024, kuma in kamfani ya faɗi, mai irin wannan ajiya sai ya bi layin masu bin bashi.

Ku karanta sharaɗin mayarwa kafin biya. A Tarayyar Turai da Birtaniya mai saye ta intanet daga kamfani yana da kwana 14 ya fasa, amma wannan bai shafi ciniki tsakanin mutum da mutum ba, kuma a wurare da yawa kayan da aka rubuta wa "final sale" ba sa komawa. Shagon da na sayi rigata yana karɓar mayarwa, da sharaɗin alamarsu tana nan a jiki. Ni kuwa don ɗoki, na sa almakashi na yanke ta tun kafin in gwada.