Yadda nake yi wa iyayen masu sikila bayanin ɓawon bairas

A ɗakin shan maganin da nake aiki, a wani ƙauye kusa da Ringim, iyayen masu amosanin jini sun fara zuwa da tambaya iri ɗaya. Sun ji a waya wai Turawa sun samo allurar da ke gyara sikila daga tushe. Ga yadda nake amsa musu, ko abokan aiki za su ƙaru.

Ka fara da gyaɗa. Ni ba na rasa 'yar kaɗan a aljihu. Sai in ɓare guda a gaban uban yaro, in cire ƙwayar, in miƙa masa ɓawon: "Malam, in ka shuka wannan zai tsiro?" Ya ce a'a. To, haka masana ke ƙera ɓawon bairas. Kamanninsa na nan, ya san ƙofar shiga ƙwayoyin jiki, amma ba iri a ciki, ba ya hayayyafa. Cikinsa ake so a zuba kayan gyaran ƙwayar gadon da ke sa jinin yaro lanƙwashewa kamar lauje.

In uwa ta razana da jin sunan bairas, tuna mata rigakafin HPV, wato na sankarar bakin mahaifa, da aka fara yi wa 'yan mata a Jigawa a 2023. Shi ma ɓawo ne, fanko.

Sai wurin da ya fi yi min nauyi a baki. A 2022 masu bincike a Amurka sun aika kayan gyara cikin irin wannan ɓawon, an ga amfani a hanta da ido, amma a jikin ɓeraye ne. Casgevy kuwa, maganin sikilar da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, hanyarsa daban ce: a ɗebo ƙwayoyin ɓargon mutum, a gyara su a waje, a ba shi magani mai ƙarfi ya share tsohon ɓargon, sannan a mayar. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne. Ka faɗi adadin nan a fili, don in wani ya shigo kasuwa da kwalba yana cewa allurar ce, kada a sayar da akuya a kansa.

Kada su tafi hannu rabbana. Gidan sauro, ruwa da yawa, rigar sanyi da hunturu, kuma zazzaɓi ko kaɗan a kawo yaro ran nan. Ina kuma gaya wa uban cewa ko an gyara ɓargo, yaron zai gadar wa 'ya'yansa ƙwayar gadon sikilar. In yayyen yaron sun isa aure, a kawo su gwajin jini kafin a kai kuɗin gaisuwa.