Kurakuran da aka fi yi da kalmar Ingilishi "obstacle"

Ɗalibai na son cusa kalmar obstacle a insha'in jarrabawar WAEC, wataƙila don tana da nauyi a kunne. Ma'anarta cikas ko tarnaƙi, wato abin da ya tare maka hanya. Asalinta ma haka yake: daga kalmar Latin obstare ta fito, ma'ana tsayawa a gaban wani, ta biyo ta Faransanci ta shiga Ingilishi a ƙarni na 14.

Kuskuren farko daga baki yake. Mutanenmu da yawa sukan ɗora ƙarfin murya a gaɓar tsakiya, su ja ta: ob-STAA-kul. Turawa kuwa a gaɓar farko suke ɗora shi: OB-sti-kul. Wasalin tsakiya gajere ne ƙwarai, da ƙyar ake jin sa. Ɗan Ingila zai fara da "ob", Ba'amurke da "aab", duk daidai ne. Akwai kuma wani tarko da harshenmu ke kafa mana. Hausa ba ta jera baƙaƙe uku ba wasali a tsakani, shi ya sa b, s da t kan koma "obis" a bakinmu. Maganinsa shi ne ka ce "ob", ka rufe leɓe, sannan ka saki "stikul" da sauri ba tare da ka buɗe baki a tsakani ba.

Wanda ya gyara furucin sai ya kula da rubutu, don kunne zai ja shi ya rubuta obsticle. Da a ake rubuta ta, kamar miracle da spectacle.

Inda aka fi asarar maki shi ne ƙaramar kalmar da ke bin ta. Muna cewa "cikas ga ci gaba", sai ɗalibi ya fassara "ga" ya rubuta obstacle for progress. Abin da aka saba shi ne obstacle to progress. Idan aikatau ne ya biyo baya, sai ya ɗauki -ing: an obstacle to finding work, ba to find work ba. Wannan na rikita har waɗanda suka yi nisa a boko, domin sun saba ganin to tana jan aikatau tsirara. Kada kuma a manta da an a gabanta in guda ɗaya ce, obstacles in da yawa.

Sai aikatau da ke tafiya da ita. Ana warware matsala, amma cikas kawar da shi ake yi ko a tsallake shi. Haka yake a Ingilishi: solve a problem, amma overcome ko remove an obstacle. A ganina duk wanda ya rubuta solve the obstacle, problem yake nufi tun farko, ƙawa ce kawai ta sa ya ɗauko babbar kalma. Ciwon kai problem ne. Sai in ya hana ka zuwa ɗakin jarrabawa zai zama obstacle.

Ba a kuma mayar da ita aikatau. Babu he obstacled me a Ingilishi. In wani ya zame maka ƙarfen ƙafa, ka ce he obstructed me, ko he stood in my way.