Yadda ake koya wa kwamfuta ta nuna abu kuma ta ƙara bayani a kansa

A ce kana haɗa manhaja da za ta riƙa tura wa alhazanmu saƙon Hausa a Mina. Motoci uku na tsaye: babba fara, ƙarama fara, da babba koriya. So kake saƙon ya nuna wa Hajiya motarta, wato babba fara, ya kuma gaya mata cewa Arfa za ta.

Da farko ka shigar da siffofin kowace mota: iri, launi, girma, inda ta nufa. Ka ware waɗanda Hajiya ke gani da ido daga waɗanda ba ta sani ba tukuna. Da na farkon kaɗai ake nuni.

Sai tacewa. Hanyar da Robert Dale da Ehud Reiter suka fitar a 1995 ita ce a bi siffofin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fitar da wata mota daga lissafi a riƙe ta, wadda ba ta fitar da komai ba a wuce. "Fara" ta fitar da koriya, "babba" ta fitar da ƙarama, sai a tsaya: "babbar farar motar". Ba a komawa baya a goge, don haka wani lokaci kalma kan yi yawa. Ba laifi, mu ma haka muke magana.

Yanzu ne za a ɗora sabon bayani, irin yadda manhajar ILEX ta Jami'ar Edinburgh ta riƙa yi wajen bayanin kayan adon gidan tarihi. A ganina bayani ɗaya ya isa, mai tsaye cikin ranar Mina ba ya karanta dogon saƙo.

A nan ake zamewa. In kwamfuta ta rubuta "motar da za ta Arfa", Hajiya za ta ɗauka sauran wani wuri za su, alhali dukansu can suka nufa. Ka sa ta rubuta "babbar farar motar, wadda za ta Arfa, tana jiranki". Waƙafin da "wadda" su ke nuna ƙari ne kawai.

Ka kula da jinsi: farar mota, farin tanti, fararen motoci. Manhajar ta kuma riƙe abin da ta riga ta faɗa, saƙo na biyu "motar" kawai zai ce.

Kafin aikin Hajji, ka nuna wa mutanenmu na Makka hoton motocin tare da saƙon, ka ce kowa ya ɗora yatsa kan wadda ake nufi.