Yadda Ake Nemo Salansa Da Ɗaura Ta A Kan Tsohon Babur: Misalin Honda CD175

A cikin dukkan sassan tsohon babur, salansa ce ta fi saurin lalacewa kuma ita ce ta fi wahalar samu, domin tana ruɓewa ne daga ciki, inda ido ba ya gani. Duk lokacin da fetur ya ƙone a cikin injin yana fitar da tururin ruwa, idan kuma tafiyar gajera ce, salansar ba ta yin zafin da zai busar da wannan tururi, sai ya koma ruwa ya kwanta a ƙasanta tare da guba mai cin ƙarfe. Shi ya sa ake samun babur mai shekara hamsin da tankinsa da injinsa lafiya lau, amma da an taɓa ƙarƙashin salansarsa sai yatsa ya burma. Za a bi matakan aikin ne da misalin Honda CD175, babur mai silinda biyu da kafireta ɗaya wanda kamfanin ya ƙera daga 1967 zuwa 1979, amma ƙa'idojin sun shafi yawancin baburan Japan na wancan zamani.

Mataki na farko, wanda masu gyara da yawa suke tsallakewa su yi asarar kuɗi, shi ne tantance ainihin samfurin babur ɗin kafin a sayi komai. Sunan da ke rubuce a jikin murfin gefe bai isa ba, saboda CD175 na farko-farko injinsa a karkace yake zuwa gaba, jikinsa kuma na matsattsen falange ne, alhali na baya injinsa a tsaye yake, don haka lanƙwasar bututun hayaƙin da wurin ɗaure shi sun sha bamban. Haka kuma 'yan uwansa biyu, CB175 mai kafireta biyu da CL175 wanda salansarsa take hawa sama ta gefe, suna da kamanni da shi ƙwarai, amma kayansu ba lallai su zauna masa daidai ba. A nemi lambar shasi a wuyan babur, inda kan yake juyawa, da lambar injin a jikin tukunyarsa, a rubuta su duka biyu, domin babu mamaki an taɓa sauya injin a wani lokaci cikin tarihin babur ɗin.

Da waɗannan lambobi ake buɗe littafin kayan gyara na samfurin. Lambar kayan Honda kashi uku ce: biyar na farko suna nuna irin kayan, uku na tsakiya suna nuna samfurin da aka fara ƙera kayan dominsa, na ƙarshe kuma suna nuna gyare-gyaren da aka yi masa. Kayan salansa da 18 suke farawa, gasket ɗin bakin bututu kuwa, wato abin da ke hana hayaƙi tsiyaya a mahaɗarsa da injin, da 18291. Amfanin lambar tsakiya ya fito fili a kan CB750 mai silinda huɗu wanda ya fito a 1969: salansar samfuran farko tana ɗauke da hatimin HM300, ta waɗanda suka biyo baya kuma HM341, masu tara tsofaffin babura kuwa ba sa ɗaukar ɗaya a madadin ɗaya. Saboda haka a goge tsohuwar salansa a duba ko akwai hatimi a jikinta, kuma kada a jefar da ita ko ta ruɓe, domin ita ce ma'aunin da za a gwada duk abin da aka samo.

Mataki na biyu shi ne nema. Mafi daraja ita ce ta kamfani wadda ba a taɓa ɗaurawa ba, ta kwana shekaru a ajiye a shago, amma irinta ta yi ƙaranci kuma tana da tsada. Akwai dillalai a Turai da suka ƙware a kayan tsofaffin baburan Honda, kamar David Silver Spares a Ingila da CMS a Holan, kuma shafinsu na intanet yana da amfani ko ga wanda ba zai saya ba, saboda ana ganin lambobin kaya da siffarsu. Sai kuma kwafi, wato sabuwar da wani kamfani ya ƙera bisa siffar ta asali, wadda ta fi araha amma ingancinta ya bambanta: sau da yawa ƙarfenta ya fi siranta, rufin kurom ɗinta ya fi rauni, kuma kunnuwan da ake ɗaure ta da su kan kauce da 'yan milimitoci. A gida kuwa, kasuwar Nnewi ta yi suna a kayan babur, wuraren tsofaffin ƙarafa irin Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano su ma sun cancanci a leƙa, sai dai a ganina tsofaffin makanikai sun fi kowace kasuwa, domin su ne suka san gidan da aka jingine irin wannan babur a zaure tun shekaru aru-aru.

Idan ta hannu aka samu, a bincike ta da kyau kafin a biya. A girgiza ta a saurara, idan an ji wani abu yana kaɗawa a ciki to farantan da ke rage ƙara sun ɓalle. A ƙwanƙwasa ƙasanta da gindin sukudireba tun daga gaba har baya, musamman inda bututu ya haɗu da tulun salansar da kuma kan layin walda, domin ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda ya ci kuwa sai a ji shi a dushe. Ƙananan ƙuraje a jikin kurom alama ce cewa tsatsa ta riga ta ratso daga ciki. Kada a yaudari kai da cewa sabon kurom zai rufe aibi, domin kurom ba ya cike rami, kuma masu yin sa da yawa ba sa son karɓar salansar da aka yi amfani da ita saboda kunkunniyar cikinta tana ɓata musu ruwan aiki. Wadda ƙarfenta yake da ƙwari amma fuskarta ta mutu, gara a kankare ta a fesa mata fentin da ke jure zafi. A tabbatar kuma an samu ta dama da ta hagu, ba biyu na gefe ɗaya ba.

Baburan da ke ƙona baƙin mai tare da fetur, irin Yamaha YB100 da Suzuki A100, matsalarsu dabam ce. Man yana hana cikin salansarsu tsatsa, amma yana toshe ta da daskararriyar kunkunniya har babur ya rasa ƙarfi, don haka tasu wanki take buƙata fiye da sauyi, kuma ba a musanya ta da kowace iri, saboda siffar cikinta tana cikin abin da ke ba injin ƙarfi.

Mataki na uku shi ne cire tsohuwar, kuma a nan ne ake yin ɓarna mafi tsada. Bututun yana ɗaure ne da wani zobe mai haƙarƙari wanda notuna biyu suke matse shi a kan ƙusoshi masu tiredi da aka dasa cikin kan injin. A ƙananan baburan Honda ƙusoshin nan sirara ne, galibi masu kaurin milimita 6 da notin sifana lamba 10, kuma shekaru na zafi da sanyi sun sa sun yi gautsi. A goge su da burushin waya, a jiƙa su da man kwance tsatsa, a bar su su kwana, washegari a sake. Idan noti ya ƙi, a ɗumama shi da wuta kaɗan bayan an cire tanki an nisantar da fetur, sannan a riƙa motsa shi gaba da baya a hankali maimakon a murɗe shi da ƙarfi gaba ɗaya. Idan ƙusa ta karye ta bar ɗan kai a waje, mai walda zai iya liƙa mata noti, zafin waldar ma yana taimakawa wajen sakinta. Idan kuwa a ciki ta karye, a kai kan injin wurin mai injin huda ƙarfe, domin alminiyon ya fi ƙusar laushi, kuma abin huda na hannu yakan zame ya cinye ramin.

Bayan an zare bututun, a haska cikin bakin injin da tocila. Tsohon gasket yana nan a manne, ya baje ya yi baƙi har ya saje da ƙarfen, kuma da yawa sukan ɗauka babu shi su ɗora sabo a kansa, abin da ke sa bututu ya ƙi shiga yadda ya kamata kuma hayaƙi ya riƙa tsiyaya. A ɓanɓaro shi da ƙaramar sukudireba ba tare da an karce wurin zamansa ba, a share kunkunniyar, a toshe ramin da tsumma mai tsabta har zuwa lokacin ɗauri.

Mataki na huɗu, ɗaurin kansa, yana da ƙa'ida guda da ba a saɓa mata: ba a ƙara wa kowane noti ƙarfi sai kowane ɗaya ya shiga wurinsa. A fara gwada salansar ba tare da sabon gasket ba, domin gasket ɗin jan ƙarfe sau ɗaya yake matsuwa, kuma bai kamata a ɓata shi a gwaji ba. A duba ko ramin kunnen baya ya yi daidai da wurin ɗaurinsa kusa da matakin fasinja. Idan bai yi ba, kunnen za a gyara, ko a faɗaɗa raminsa da zarto ko a sa washa, ba a janyo salansar da ƙarfi a tilasta mata ba, saboda wadda aka ɗaure cikin tilas tana nan a ɗame, girgizar injin kuma za ta tsaga ta a wuya ko ta karya ƙusar da aka sha wahalar tsirar da ita. A taka kik a ga ko yana bugunta, a danna birkin ƙafa har ƙasa, a ɗaga ƙafar tsakiya ta jingine babur a ga inda take tsayawa, domin akwai 'yar roba da ke hana ta dukan ƙarfe, kuma kwafi da yawa ba sa zuwa da ita.

Idan komai ya zauna, sai a cire tsumman, a shafa wa sabon gasket ɗan giris domin ya manne a raminsa, a shafa wa ƙusoshin giris mai jan ƙarfe wanda ke hana su kamewa, sannan a saka bututun da zobensa, tare da 'yan ɓarin zoben nan biyu da ke shiga ƙarƙashinsa a samfuran da suke da su. A ɗaura dukkan notuna da yatsa kawai. Daga nan a fara matsewa daga kan injin zuwa baya, ana juya notin nan kaɗan a koma wancan kaɗan domin zoben ya sauka daidai, kunnen baya kuwa shi ne na ƙarshe. Noti a kan ƙusa mai milimita 6 ba ya buƙatar fiye da kimanin niyutan-mita 10, wato abin da ƙaramar sifana za ta yi da wuyan hannu, kuma ba dole ne zoben ya manne da kan injin ba, domin gasket ɗin ne ke toshe hayaƙi.

Kafin a tayar da injin, a goge bututun duka da tsumma da ɗan sinadarin wanke maiƙo, domin zafi yana gasa shaidar yatsa a jikin kurom ta zauna dindindin. A tayar da shi a fili, ba a cikin rufaffen gareji ba, saboda hayaƙin yana ɗauke da iskar da ba ta da wari amma tana kisa. A kusantar da hannu ga mahaɗar tun tana da sanyi a ji ko iska tana bugowa, a kuma saurari ko akwai ƙara mai kama da tsartuwa. A bar injin ya yi zafi, a kashe shi ya huce sarai, sannan a sake matse notunan zoben bututun, domin gasket ɗin yana ƙara kwanciya bayan zafin farko, kuma a maimaita hakan bayan tafiya ta farko da ta biyu.

Abin da ya rage shi ne lura da launin bututun. Baburan Honda da yawa na wancan zamani bututunsu riɓi biyu ne, wani cikin wani, don haka na waje ba ya canja launi, amma kwafi mai ƙarfe ɗaya yakan yi ruwan ɗorawa ko shuɗi kusa da injin, kuma kaɗan daga wannan ba aibi ba ne. Idan shuɗin ya yi saurin bazuwa, ko babur ya riƙa harbi lokacin da aka saki totur, to ko iska tana shiga ta mahaɗa, ko fetur ya yi wa injin kaɗan, ko kuma lokacin wuta ya yi jinkiri. Salansar da ta fi ta asali buɗewa takan jawo ƙarancin fetur ɗin, don haka a cire fulogi bayan tafiya mai ɗan nisa a duba bakinsa: ruwan ƙasa mai haske yana nuna an daidaita, fari fat kuwa yana nufin a ƙara girman jet ɗin kafireta, wato 'yar ƙofar da fetur ke bi, kafin a ci gaba da hawa. A CD175 kafireta ɗaya ce take ciyar da silinda biyu, saboda haka idan bututu ɗaya ne kawai ya yi shuɗi, a nemi matsalar a gasket ko bawul na wannan gefen, ba a jet ba.