Idan tsohuwar mota tana mutuwa a hanya, bi sawun mai tun daga tanki

Peugeot 504 ɗin da nake hawa ta mahaifina ce, haɗin Kaduna. Tun 1975 ake haɗa Peugeot a can, kuma ba a daina fitar da 504 ba sai 2006, shi ya sa har gobe kayanta ba sa wuya. Sauƙin kayan nan ne ke cutar mutane: da mota ta fara mutuwa sai a ce kafireto ne, wato abin da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga injin, a kwance shi ko a sayo wani. Ni ma an yi mini haka. Wani bakanike ya canza mini kafireto, washegari motar ta sake mutuwa a wajen Kwanar Dangora. Ashe zanzaro ne ya yi gini a bakin ƙaramin tiyon da tanki ke shaƙar iska.

Daga ranar na ɗauki ƙa'ida: ba na barin a taɓa kafireto sai na tabbatar mai yana isa gare shi.

Da mota ta mutu, ka gangara gefen titi, kashe makulli, buɗe bonet ka cire murfin matatar iska. Leƙa maƙogwaron kafireto, ka ja totur da hannu sau biyu ko uku. In ka ga mai ya yi tsartuwa a ciki, to akwai mai, sai ka koma wajen wuta. Zare wayar fulogi ɗaya, ka riƙe ta da busasshen tsumma kusa da jikin injin, wani ya murza makulli. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce mai ƙara. Kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta, in ya gaji yakan ɗauke wuta in ya yi zafi, ya dawo in ya huce, kuma mutane da yawa sun sayi famfon mai a banza saboda shi.

In babu tsartuwa, koma baya ka buɗe murfin tanki kana sauraro. Ka ji ya zuƙi iska da ƙarfi? Tankin ba ya numfashi. Famfo yana jan mai, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, sai man ya ƙi tafiya. Irin wannan motar lafiya lau take tashi da safe, sai an yi tafiya kaɗan ta shaƙe. Sassauta murfin ka ɗan zaga da ita. In ta daina, ka gano ɓarawon.

Sai filtar mai. Wadda ta toshe takan bar mota ta yi silo lafiya, wato injin ya yi ta aiki tana tsaye, amma da ka hau tudu ko ka taka totur sosai sai ta fara fizga kamar ana riƙe ta. Ni ta roba mai haske nake sakawa don in riƙa ganin abin da ke wucewa. Jan gari a ciki tsatsar tanki ce, kuma ko filta goma ka canza za su toshe, sai an sauke tankin an wanke.

Yanzu famfo. A 504 famfon mai a jikin injin yake, injin ne ke motsa shi, ba lantarki ba. Bari injin ya huce. Cire tiyon da ke shiga kafireto ka zura shi a cikin kwalba mai haske, ka zare wayar da ke ba kwayil wuta don kada tartsatsi ya tashi, sannan a murza makulli. Ya kamata mai ya riƙa fitowa da ƙarfi, bugu bayan bugu. In ɗiga yake yi, kada ka yanke wa famfo hukunci tukuna. Samo ɗan tiyo ka haɗa bakin shigarsa da galan ɗin mai mai tsabta. Ya ja da kyau? To laifin yana baya, a tanki ko a bututu, musamman tsohon tiyon roba da ya tsage yana zuƙar iska ba tare da ya zubar da ko ɗigo ba. Ya ƙi ja? Famfon ne. Ka kuma zaro sandar duba baƙin mai ka shinshina. Warin fetur a nan yana nufin robar cikin famfo ta fashe, fetur na zuba cikin injin. Kada ka ƙara tafiya da ita sai an canza famfo da baƙin man gaba ɗaya.

Kwalbar nan kada ka zubar da ita. Ajiye ta minti biyar. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi ƙarara. Na san lokacin wahalar mai dole kan sa a tsaya wajen 'yan bumburutu, amma ko ba komai a tace da kyalle mai tsabta kafin a zuba.

Akwai wata cuta ta lokacin bazara. Kana cikin cunkoso da tsakar rana, mota ta mutu ta ƙi tashi, bayan rabin awa ta tashi kamar ba ita ba. Fetur ne ya tafasa a cikin bututu ya zama tururi, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. Jiƙa tsumma ka ɗora a kan famfon, za ta tashi da wuri. Daga baya a duba ko tiyon mai yana bi kusa da bututun hayaƙi, a nisanta shi.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya ake zuwa kafireto. In tana mutuwa duk lokacin da ka ɗaga ƙafa a mahaɗa, jet ɗin silo ne, ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireto, ya toshe, ko iska na shiga ta gasket ɗin gindinsa. A busa jet da iska, kada a soka masa waya, ramin zai faɗaɗa ta koma shan mai. In kuwa baƙin hayaƙi take yi, fulogi a jiƙe, ga warin fetur, to fulot ne, wato abin da ke yawo a kan mai a cikin kafireto, ko allurarsa ba sa rufe mai.

Roƙona ɗaya, ɗan'uwa: kada ka zuƙi fetur da baki, kada kuma ka bari a tsiyaya shi cikin kafireto ana murza makulli. Injin kan yi atishawar wuta ta nan, fuskar mai zubawa ce a gaba.

Mai Golf 3 da sauran masu injekta, wato motocin da ba su da kafireto, famfonka na lantarki ne, galibi a cikin tanki yake. Murza makulli ba tare da ka tayar ba, za ka ji gurnaninsa na daƙiƙa biyu daga baya. In shiru ne, fara da fiyus da rile, ɗan akwatin da ke kunna wa famfo wuta, kafin ka sa a buɗe tanki.