Yadda nake duba cutar masara da kyamarar waya

Shekara uku ke nan ba na sayen maganin feshi sai na fara nuna wa waya ganyen. Manhajoji biyu nake riƙe da su: Plantix, ta wani kamfanin Jamus, wadda sai da data, da kuma Nuru ta PlantVillage, wadda Jami'ar Penn State ta Amurka ta haɗa tare da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, ita kuwa tana aiki ko babu sabis. An nuna musu dubban hotunan ganye masu cuta da masu lafiya har suka koyi bambancewa. Wannan ita ce ƙirƙirarriyar basirar da ake ta magana a rediyo. Abin da ka nuna mata kaɗai take gani, shi ya sa aikin duk yana wajen ɗaukar hoto.

Ka shiga gona da hantsi, bayan raɓa ta bushe. Da tsakar rana ganye yana ƙyalli, kyamara ta ruɗe. Goge gilashin da bakin riga, ka juya wa rana baya, amma kada inuwarka ta raba ganyen biyu. Ganye ɗaya ya cika hoton, kusa kamar taƙi guda. Ranar da na fara, daga tsaye na ɗauka, rabin hoton ƙasa ce da takalmina, na zo ina zargin waya.

Kada ka tsaya a bakin gona. Ka ratsa ta a karkace kamar harafin W, ka tsaya wuri biyar, kowane wuri ka duba masara goma. Ka ɗauki ganyen sama da na ƙasa, domin rashin taki daga tsofaffin ganyen ƙasa yake farawa, rawaya ta taso daga tsini ta bi jijiyar tsakiya. Wannan yuriya yake nema. Feshi asarar kuɗi ce.

Idan waya ta ce tsutsar masara ce, wadda ta shigo Afirka a 2016, buɗe zuciyar shukar da hannunka. Za ka ga kashi kamar dusar katako. Zaro tsutsar ka duba: a kanta akwai zane kamar Y a kife, kusa da wutsiya kuma ɗigo huɗu baƙaƙe. In ka ga haka, waya ta yi gaskiya. Ni nakan maimaita hoto sau uku a shuka daban-daban. Amsa ɗaya ta fito sau uku, sannan na yarda.

Akwai abin da ba ta iyawa. Wuta-wuta tana tsotsar masara daga saiwa tun kafin ta ɓullo, ganye ya yi yaushi kamar na fari, kyamara kuwa ba ta ganin ƙarƙashin ƙasa. Nan sai tarihin gonarka.

Sunan maganin da ta ba ka ma, kada ka ruga kasuwa da shi. Wani ba a sayar da shi a nan, wani kuma jabunsa ya fi na gaske yawa. Kai wa malamin gona hoton da tsutsar a cikin leda, ya faɗa maka maganin da adadin da za ka zuba a famfo. Feshin kuma da la'asar sakaliya, bakin famfo a cikin zuciyar masarar, lokacin da tsutsa take fitowa ci.