Yadda za ka raba zanen na'urarka har wani ya iya ƙera ta

In ka haɗa ɗan allon cajin sola, kana so wani yaro a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ƙera irinsa, hoton WhatsApp ba zai wadatar ba. Sai ka ba shi fayil ɗin da zai buɗe ba tare da ya sayi lasisin manhaja ba.

Ni da manhajar KiCad nake zana allon lantarki. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux, kuma in ka sauke ta ko babu intanet za ka yi aikinka. Fara da zanen haɗin wayoyi, sannan ka jera kayan a kan allo. Da ka gama, fitar da fayilolin Gerber, wato zanen shimfiɗun allon, kowace shimfiɗa da nata, har da na Excellon mai nuna inda za a huda. Na hudar nan ne aka fi mantawa. Gerber da Excellon ɗin masana'anta ke karɓa, amma ka haɗa da ainihin fayilolin KiCad, domin gyaran Gerber wahala ce.

Akwatin allon kuwa, da manhajar FreeCAD za ka zana shi. Ajiye zanen a fayil ɗin STEP saboda mai son canza awo. Fayil ɗin STL tarin alwatika ne, na injin bugun 3D. Mai yankan ƙarfe da laser fayil ɗin DXF zai nema, ka jaddada masa cewa awon milimita ne.

Jerin kaya a CSV, wato fayil ɗin jadawali, kowane da lambarsa, ka fifita wanda ake samu a Sabon Gari. Lasisin da zai ba wasu izinin ƙera zanenka kuma, CERN-OHL, siga ta 2 ta 2020.